Yadda Za Ka Auna Falaki da Girman Dutsen Samaniya Mai Kusantar Duniya, da Misalin Apophis

Da wuya a yi wata uku ba tare da wani labari ya zagaya wayoyin jama'a ba cewa ƙaton dutse ya taso daga sararin samaniya ya nufo duniya, galibi tare da zanen wuta tana ci da kuma ranar da aka ce abin zai faru. Irin wannan labari yakan samo asali ne daga wani abu na gaskiya, domin masana taurari suna da rukunin duwatsun da suke kira masu yiwuwar haɗari, kuma sun wuce dubu biyu. Sai dai shiga wannan rukuni bayani ne a kan hanyar da dutse yake bi da kuma girmansa, ba sanarwa ba ce cewa zai faɗo. Alƙaluman da ake dogara da su a buɗe suke ga kowa kyauta, kuma mai waya da kalkuleta zai iya bin su da kansa ya gane ko akwai abin damuwa. Za mu yi wannan aiki da Apophis, wanda ake furtawa Afofis, saboda shi ne dutsen da ya fi tayar da hankalin masana tun da aka fara wannan sa ido, kuma saboda zai gifta ta saman Afirka a 2029.

Ka fara da tabbatar da sunan dutsen

Duk labarin da bai ambaci sunan dutse ko lambarsa ba, ka ajiye shi gefe, domin babu yadda za a bincika shi. Kowane dutse da aka gano yana samun lambar wucin gadi daga cibiyar Minor Planet Center da ke Amurka, kuma lambar kanta tana ɗauke da bayani. Ta Apophis ita ce 2004 MN4. Shekarar ganowa ce a gaba. Harafin farko yana nuna rabin watan da aka gan shi, inda A take nufin rabin farko na Janairu, B rabi na biyu, a ci gaba da haka ana tsallake harafin I, don haka M ta faɗa a kan rabi na biyu na watan Yuni. Hakan kuwa ya yi daidai, domin a ranar 19 ga Yuni 2004 ne Roy Tucker da David Tholen da Fabrizio Bernardi suka hango shi daga cibiyar duban taurari ta Kitt Peak a jihar Arizona. Bayan an tabbatar da hanyarsa sai aka ba shi lambar dindindin, 99942, da sunan macijin ɓarna na tatsuniyoyin tsohuwar Masar.

Da wannan suna ko lamba za ka shiga shafin Small-Body Database na cibiyar JPL ta hukumar NASA, ka rubuta shi a gurbin bincike. Abin da zai fito tebur ne cike da haruffa da lambobi masu tsoratar da baƙo, amma guda shida ko bakwai ne kawai kake buƙata. Kafin ka taɓa su, ka riƙe ma'auni biyu. Na farko shi ne au, wato matsakaicin nisan duniya daga rana, kimanin kilomita miliyan 149.6. Na biyu shi ne LD, matsakaicin nisan wata daga duniya, kimanin kilomita 384,400. Rashin sanin waɗannan biyun ne yake sa a ji an ce dutse zai matso kusa a firgita, alhali kusancin da ake nufi ya ninka nisan wata sau goma ko fiye.

Siffar falaki da tsawonsa

Falaki shi ne hanyar da dutse yake bi yana kewaya rana, kuma ba cikakkiyar da'ira ba ce. Ya fi kama da ƙwai, rana tana zaune ba a tsakiyarsa ba, ta ɗan gusa zuwa gefe guda. Lamba ta farko da za ka nema ita ce wadda aka yi wa alama da ƙaramin harafin a, rabin tsawon ƙwan ta ɓangarensa mafi tsawo. Ta Apophis kimanin 0.922 au ce, wanda ke nuna cewa falakinsa ya fi na duniya ƙanƙanta da kaɗan. Ta biyu ita ce e, wadda take auna yadda ƙwan ya miƙe: sifili cikakkiyar da'ira ce, kuma duk yadda lambar ta matso 1 haka falakin yake ƙara tsawo da sirantaka. Ta duniya 0.017 ce kawai, ta Apophis kuwa 0.191.

Daga waɗannan biyun za ka fitar da iyakokin tafiyar dutsen da hannunka. Ka cire e daga 1 ka ninka da a, za ka samu wurin da ya fi kusantar rana: 0.922 sau 0.809 ya ba da kimanin 0.746 au. Ka ƙara e a kan 1 ka ninka da a, za ka samu wurin da ya fi nisa: 0.922 sau 1.191 ya ba da kimanin 1.098 au. A teburin za ka ga an rubuta su da ƙaramin q da babban Q. Yanzu ka kwatanta da duniya, wadda nisanta daga rana yake kai da komowa tsakanin 0.983 da 1.017 au a cikin shekara. Apophis yana shiga ciki har kusa da falakin duniyar Zuhura (Venus), sannan ya fito ya zarce namu da kaɗan, saboda haka a kowane zagaye sai ya tsallaka nisan da duniya take a kai sau biyu, sau ɗaya wajen fita, sau ɗaya wajen komawa.

Tsawon shekarar dutsen ma ba sai an faɗa maka ba. Ƙa'idar da Johannes Kepler ya wallafa a 1619 ta nuna cewa idan ka ninka a da kanta sau uku, sannan ka danna alamar √ a kalkuleta, abin da ya fito shi ne tsawon zagaye a lissafin shekarunmu. Ga Apophis, 0.922 sau 0.922 sau 0.922 ya ba da 0.784, alamar √ ta mayar da shi 0.885, idan ka ninka da kwana 365.25 sai ka samu kwana 323 da 'yan awoyi. Wannan shi ne abin da teburin yake nunawa, kuma duk wanda ya gwada ya ga lissafinsa ya dace da na masu manyan na'urori yakan daina jin tsoron sauran lambobin.

Waɗannan alƙaluma ne kuma suke raba duwatsun gida gida. Duk wanda q ɗinsa bai kai 1.3 au ba ana lissafa shi cikin masu kusantar duniya. Idan a ta gaza 1 amma dutsen yana fitowa ya wuce 0.983, ɗan gidan Aten ne, kamar Apophis a yanzu. Idan a ta haura 1 amma yana shigowa ƙasa da 1.017, ɗan gidan Apollo ne, kuma su ne mafi yawa. 'Yan gidan Amor suna matsowa daga waje ba tare da sun tsallaka falakinmu ba, 'yan gidan Atira kuma suna ciki gaba ɗaya. Aten da Apollo ne suka fi cancantar kulawa.

Tsallaka nisa ba haɗuwa ba ce

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Cewa dutse yana tsallaka nisan duniya daga rana bai nuna hanyoyin biyu sun haɗu ba, domin falakan ba a kan shimfiɗa ɗaya suke ba. Lambar da aka yi wa alama da i tana nuna karkatar falakin dutsen idan an kwatanta da na duniya. Dutsen da karkatarsa take da yawa zai iya tsallakawa ta can sama ko ta can ƙasa, kamar motar da ke kan gadar sama da wadda ke bin titin ƙarƙashinta: a taswira hanyoyinsu sun giciye, amma ba za su taɓa karo ba. Karkatar Apophis digiri 3.3 ce kawai, kusan a kwance yake tare da mu.

Lambar da take yanke hukunci ita ce wadda aka rubuta MOID a gabanta, wato tazara mafi ƙanƙanta tsakanin hanyar dutsen da hanyar duniya, ba tare da la'akari da inda kowannensu yake a lokacin ba. Idan wannan tazara ba ta wuce 0.05 au ba, kimanin kilomita miliyan 7.5 ko ninkin nisan wata sau 19 da rabi, dutsen ya cika sharaɗi na farko na shiga rukunin masu yiwuwar haɗari. An faɗaɗa iyakar haka ne da gangan, saboda jan da manyan duniyoyi suke yi wa dutse yakan sauya falakinsa sannu a hankali cikin ɗaruruwan shekaru. Ta Apophis ba ta kai 0.001 au ba, don haka hanyarsa da tamu kusan a manne suke a wuri guda, wurin da duniya take isa a kowace shekara wajen 13 ga Afrilu.

Duk da haka akwai sauran sharaɗi, wato lokaci. Burtali yana iya ratsa titin mota, amma sai garke da mota sun iso mararrabar a lokaci ɗaya ake samun hatsari. Duniya tana gudun kusan kilomita 30 a kowace daƙiƙa, kuma tana matsawa da tsawon faɗinta baki ɗaya a cikin minti bakwai. Jinkirin 'yan mintuna ya isa ya raba karo da wucewa lafiya.

Girma, inda lissafi ya fi rauni

A ganina wannan ne sashen da ya fi buƙatar natsuwa, domin masu yaɗa labari sukan ambaci girman dutse kamar wani ya je ya auna shi da igiya, alhali mafi yawan waɗannan duwatsu ko a babban madubin hangen nesa ɗigon haske ne kawai. Abin da ake aunawa shi ne haske, daga nan a yi hasashen girma. Ka nemi babban harafin H a teburin, wanda yake nuna hasken da dutsen zai yi in da an ajiye shi a nisan au ɗaya daga rana da kuma daga mai kallo, hasken rana na dukan fuskarsa baki ɗaya. Ma'aunin a juye yake: ƙaramar lamba tana nufin haske mai yawa. Sharaɗi na biyu na shiga rukunin masu yiwuwar haɗari shi ne kada H ta wuce 22, wanda ake ɗauka daidai da faɗin kimanin mita 140. Ta Apophis kusan 19.1 ce.

Matsalar ita ce haske ba girma kaɗai yake bi ba, yana bin launin jiki. A daren farin wata, ɗan farin akuya yakan fi baƙin sa fitowa daga nesa, wanda bai sani ba sai ya zaci akuyan ne babba. Duwatsun samaniya haka suke. Wasu baƙaƙe ne wuluk kamar gawayi, suna mayar da kashi 4 ko 5 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansu, wasu kuma suna mayar da kashi 25 ko fiye. Wannan kaso, idan an sani, ana rubuta shi a teburin a matsayin lamba tsakanin sifili da 1, kuma a lissafi ana yi masa alama da p.

Ga yadda ake haɗa su. Ka raba H da 5, ka sa alamar ragi a gaban abin da ya fito, ka danna madannin 10 mai ɗan x a samansa. A yawancin wayoyi sai an kwantar da wayar wannan madanni yake bayyana. Ka ninka sakamakon da 1329, sannan ka raba da √ na p. Amsar faɗin dutsen ce a kilomita. Ga Apophis, 19.1 a raba da 5 ya ba da 3.82, madannin ya mayar da shi 0.000151, a ninka da 1329 a samu kimanin 0.201. Daga nan komai ya rataya ne a kan launi. Idan ka ɗauka baƙi ne, p ta zama 0.05, faɗinsa zai kai mita 900. Idan ka ɗauki matsakaicin da aka saba amfani da shi, 0.14, za ka samu kimanin mita 540. Idan ka sa 0.35, wanda ya dace da awon na'urar rada (radar), sai ya sauko zuwa mita 340. Haske ɗaya ne, amma amsar farko ta kusa ninka ta ƙarshe sau uku.

Wannan ne ya sa ƙiyasin girman Apophis ya yi ta sauyawa a hannun masana kansu. An taɓa cewa mita 270 ne, sannan madubin Herschel na hukumar sararin samaniya ta Turai, wanda yake auna zafin da jiki yake fitarwa, ya ba da 325 a 2013, daga baya aka sake nazari aka ce 375. Na'urorin rada na Goldstone da Arecibo, waɗanda suke aika saƙo ya bugi dutsen ya dawo, sun nuna matsakaicin faɗi na kimanin mita 340, kuma sun nuna ba dunƙule yake kamar ƙwallo ba: dogo ne, tsawonsa kusan mita 450, kaurinsa kusan 170, mai yiwuwa da kai biyu kamar gyaɗa a cikin ɓawonta. Wani misali mai amfani shi ne Bennu, dutsen da kumbon OSIRIS-REx ya ɗebo ƙasarsa ya kawo duniya a Satumbar 2023. H ɗinsa ta haura 20, wato ya fi Apophis dusashewa, amma faɗinsa kusan mita 490 ne, saboda baƙi ne ƙirin.

Idan ba ka da lokacin lissafi, ka riƙe cewa duk ƙarin 5 a kan H yana rage faɗi sau goma: H ta 17.75 kimanin kilomita ɗaya ce, 22 kimanin mita 140, 27 kimanin mita 14. Kuma duk inda aka ba da girma da iyaka biyu, kamar daga mita 40 zuwa 90, ka san daga haske kaɗai aka ciro shi, kada ka ɗauki babbar lambar ka bar ƙaramar kamar yadda masu neman jan hankali suke yi.

Dalilin damuwa da wannan bambanci shi ne nauyi ba ya ƙaruwa daidai da faɗi. Dutsen da ya ninka wani faɗi sau biyu ya ninka shi nauyi sau takwas, kuma ƙarfin bugunsa yana bin nauyin. Wanda ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha a ranar 15 ga Fabrairu 2013 bai wuce mita 20 ba, amma ya jikkata mutane kusan 1,500, yawancinsu da gilasan tagogi. Na Tunguska a Sibiriya, a ranar 30 ga Yuni 1908, ana ƙiyasta shi da mita 50 zuwa 60, kuma ya kwantar da dajin da ya haura murabba'in kilomita 2,000. Apophis ya ninka na Chelyabinsk faɗi sau 17, wanda ke nufin ya ninka shi nauyi kusan sau 5,000. Dutse irin wannan ba zai shafe duniya ba, amma zai iya ragargaza yanki mai faɗin gaske.

Ka duba ƙarfin shaidar da aka gina lissafin a kai

A gefen teburin akwai bayanin tsawon lokacin da aka ɗauka ana bibiyar dutsen, da yawan ganin da aka yi masa, da wata lamba daga 0 zuwa 9 mai nuna rashin tabbas, inda 0 take nufin an san falakin sosai. Dutsen da aka bi kwana uku da wanda aka bi shekara ashirin ba ɗaya ba ne, ko da an rubuta lambobinsu da tsawo iri ɗaya.

Tarihin Apophis ya nuna haka ƙarara. A watan Yunin 2004 dare biyu kawai aka gan shi sai ya ɓace, ba a sake ganinsa ba sai 18 ga Disamba daga Ostareliya. Cikin kwanakin da suka biyo baya yiwuwar ya bugi duniya a 2029 ta yi ta hawa har ta kai kashi 2.7 cikin ɗari, wato ɗaya cikin 37, aka ɗora shi a mataki na 4 na ma'aunin Torino, wanda ake auna haɗarin karo da shi, mai matakai daga 0 zuwa 10, matakin da babu wani dutse da ya taɓa kaiwa. Sannan aka binciko tsofaffin hotunan da aka ɗauka a watan Maris na 2004 inda ya fito ba a lura ba, tsawon bibiyar ya ƙaru da wata uku, barazanar 2029 ta gushe nan take.

Hawan wannan kaso kafin faɗuwarsa abu ne da aka saba gani, kuma yana da kyau ka fahimci dalilinsa. Ka ɗauka an shimfiɗa tabarma an ajiye kwabo a kanta. Tabarmar ita ce duk wuraren da dutsen zai iya bi, kwabon kuma duniya. Kowane sabon awo yana naɗe tabarmar daga gefe, tana ƙanƙancewa, kuma muddin kwabon yana kanta, kason da ya mamaye sai ƙaruwa yake yi. Ranar da naɗin ya wuce inda kwabon yake, kason ya koma sifili gaba ɗaya. Haka aka gani da 2024 YR4, wanda aka gano daga ƙasar Chile a ƙarshen Disambar 2024: yiwuwar bugunsa a 2032 ta hau har kashi 3.1 a ranar 18 ga Fabrairu 2025, cikin mako guda kuma ta zube. Abin lura, shi wannan dutse da ya cika kafafen labarai bai ma shiga rukunin masu yiwuwar haɗari ba, saboda H ɗinsa ta haura 22, kuma madubin James Webb ya auna shi kusan mita 60.

Don sanin matsayin dutse a yau, ka duba jerin Sentry na cibiyar CNEOS ta NASA, wato jerin duwatsun da ake ganin akwai yiwuwar su bugi duniya, ka kwatanta da jerin da hukumar Turai take wallafawa, domin kowannensu da lissafinsa. Ba za ka sami Apophis a ciki ba. Bayan gushewar barazanar 2029 an ci gaba da zargin 2036 da 2068, saboda wucewa kusa da duniya yana lanƙwasa falaki, kuma akwai wasu 'yan ƙananan gurabe a sarari waɗanda in dutsen ya ratsa ta cikinsu lanƙwasar za ta dawo da shi kanmu. An kawar da 2036 a 2013. Ta 2068 ta fi wuya saboda wani ƙaramin turi da zafin rana yake haifarwa: jikin dutsen yana shan zafi ya fitar da shi yayin da yake juyawa, kuma wannan yana rage a ɗin Apophis da kusan mita 200 a shekara. A watan Maris na 2021 awon rada daga Goldstone da Green Bank ya daidaita lissafin, aka cire shi daga jerin tare da tabbatar da cewa ba zai bugi duniya ba cikin aƙalla shekara ɗari.

Karanta teburin kusantowa, da daren 13 ga Afrilu 2029

A ƙasan shafin akwai jerin ranakun da dutsen zai gifta kusa da duniya. Ka tuna cewa nisan da ake rubutawa daga tsakiyar duniya ake auna shi, ba daga doron ƙasa ba, kuma agogon da ake bi na GMT ne, don haka mutanen Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi za su ƙara awa ɗaya, na Ghana kuma su bar shi yadda yake. A layin Juma'a 13 ga Afrilu 2029 za ka ga kimanin 0.000254 au. Ka ninka da miliyan 149.6 ka samu kusan kilomita 38,000, wato kashi ɗaya cikin goma na nisan wata. Ka cire kilomita 6,400 na rabin kaurin duniya, saura kusan 32,000 daga doron ƙasa. Taurarin ɗan Adam da suke watso talabijin suna zaune ne a kilomita 35,786 daga doron ƙasa, a saman layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, don haka dutsen zai sauko ƙasa da tsayinsu, sai dai hanyarsa a karkace take da layin da suke jere a kai.

Mafi kusanci zai kasance da misalin ƙarfe 9:46 na dare agogon GMT, wato sha ɗaya saura kwata a Kano da Damagaram, a saman Tekun Atlantika, bayan ya ratsa samaniyar Afirka daga gabas zuwa yamma. Mutanen Afirka da Turai da yammacin Asiya za su iya ganinsa da ido ba tare da na'ura ba. Kada ka yi tsammanin wuta ko wutsiya. Ɗigo ne mai haske kwatankwacin tauraro mafi haske a cikin Kaza da 'Ya'yanta, kuma abin da zai bambanta shi da taurari shi ne tafiya, domin a lokacin da ya fi sauri zai shafe faɗin cikakken wata a ƙasa da minti ɗaya. Daren ya faɗo a ƙarshen Zulƙida, lokacin duhun wata, wanda ya dace da kallo ƙwarai, in dai ƙura ko hadarin farkon damina bai rufe sama ba. Ka fita bayan gari nesa da fitilu, ka ba idonka minti ashirin ya saba da duhu, ka kuma sa manhajar taswirar taurari a waya tun da rana don sanin ɓangaren da za ka fuskanta daga garinku.

Ka adana lambobin da ka lissafa a sama, domin bayan wannan dare ba za su ƙara aiki ba. Jan duniya zai faɗaɗa falakin Apophis, a ta tashi daga 0.922 zuwa kimanin 1.1 au, ya bar gidan Aten ya koma gidan Apollo. Idan ka maimaita lissafin Kepler da sabuwar lambar za ka ga shekararsa ta tashi daga kwana 323 zuwa kwana 420 da 'yan kai. Kumbon da ya je Bennu, wanda aka sauya wa suna zuwa OSIRIS-APEX, an tsara ya riske shi jim kaɗan bayan giftawar, hukumar Turai kuma tana shirya nata mai suna Ramses don ya isa kafin ranar ya raka shi. Daga hotunansu ne za a sami awon faɗinsa kai tsaye, wanda za ka iya ajiyewa kusa da mita 340 da kalkuletarka ta ba ka.